Fitilar gurbin faifai: wa ke kunna ta, kuma yaushe za a yarda da ita?

A gaban kowane gurbin faifan ajiyar bayanai a akwatin uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, akwai 'yan fitilu biyu ko uku: kore, ruwan goro, a wasu akwatunan har da shuɗi. Yawancin mutane suna ɗauka faifan ne ke magana ta bakinsu, wato idan ya lalace shi zai kunna fitilar gargaɗi a zo a cire shi. Ba haka abin yake ba. Fitila ɗaya tak faifai ke iya motsawa da kansa, wadda ke nuna yana karatu ko rubutu. Sauran biyun, ta nuna wuri da ta nuna lalacewa, wani ne daga can nesa ke ba da umarnin kunna su, kuma umarnin sai ya bi ta hannu huɗu ko biyar kafin ya iso: daga manhaja zuwa direba (ƙaramar manhajar da ke magana da kayan na'ura), daga direba zuwa katin da ke sarrafa faya-fayan, daga kati ya bi waya zuwa allon da ke bayan guraben, sannan wata 'yar ƙwaƙwalwa a kan allon ta kunna fitilar. A kowane mataki umarnin na iya ɓacewa, ko kuma, wanda ya fi muni, ya sauka a gurbin maƙwabci.

Abin da ya ba wannan ƙaramar magana nauyi shi ne lokacin da ake neman fitilar. Ana nemanta ne ranar da faifai ya mutu, rukunin RAID (faya-fayan da aka haɗa don bayanai su tsira ko ɗaya ya mutu) ya rasa kariyarsa, aka tura ma'aikaci ya zare mataccen ya sa sabo. Rukunin RAID 5 faifai ɗaya kawai yake iya rasawa ya ci gaba da aiki, RAID 6 kuma biyu. Idan ma'aikacin ya zare lafiyayye daga RAID 5 da ya riga ya rasa ɗaya, rukunin gaba ɗaya ya faɗi nan take, garin neman gira an rasa ido. Ga kuma girman akwatunan yanzu: akwai masu ɗaukar faifai 60, akwai masu 102 ko 106, duk kamanninsu ɗaya. Sau da yawa ma wanda ya san faifan da ya mutu yana wani gari a gaban kwamfutarsa, wanda zai zare shi yana cibiyar ajiyar bayanai, ba abin da ya haɗa su sai wayar tarho da wannan fitila.

Mu fara da mai sauƙin. A mahaɗin faifan SATA da na SAS, iri biyu na haɗa faifai da kwamfuta, ɓangaren da ke ɗaukar wuta yana da ƙafafu 15, ta 11 kuma faifai na iya motsa fitila da ita. A akwatuna da yawa fitilar kore da wannan ƙafa take haɗe kai tsaye, babu manhajar da ta shiga tsakani. Ko a nan akwai abin da ke rikita sabon shiga. Faifan SATA yakan bar fitilar a kashe idan yana hutawa, ya ƙifta ta idan yana aiki. Faifan SAS kuwa, a yadda yake fitowa daga masana'anta, yakan bar ta a kunne muddin yana shirye, sai ya riƙa ɗauke ta idan aiki ya zo. Akwatin da aka cakuɗa iri biyun zai nuna wasu gurabe da haske wasu da duhu alhali duk lafiyarsu ƙalau. Akwai bit guda (ƙwayar bayani mai zama 0 ko 1) a saitin faifan SAS, RLM, da ake juyawa da manhajar sdparm don ya yi irin halin SATA.

Fitilar nuna wuri da ta lalacewa su ne masu wuyar sha'ani, kuma hanyoyi biyu ne suka daɗe suna kai musu umarni. Ta farko ita ce SGPIO, wadda takardar SFF-8485 ta fayyace. Sirarran wayoyi ne huɗu da ke tafiya gefen wayoyin bayanai: ɗaya tana buga lokaci, ɗaya tana nuna inda zagaye ya fara, ɗaya tana kai saƙo daga kati zuwa allo, ɗaya tana dawo da amsa. Kowane faifai yana da bit uku a cikin saƙon, na aiki, na nuna wuri, na lalacewa. Ana jero ukun faifai na farko, sai na biyu, haka har na ƙarshe, sannan a sake zagayowa. Babu suna a cikin saƙon, babu adireshi, babu lambar faifai. Matsayi a jeri shi ne kaɗai shaida.

Akwai wayar da ke fita daga kati da kai ɗaya ta rabu ƙafa huɗu, kowace ƙafa zuwa gurbi guda, da ƙaramin kai na biyar mai ɗauke da SGPIO. Idan wanda ya haɗa na'urar ya musanya ƙafa ta biyu da ta uku, ba abin da zai nuna. Faya-fayan za su tashi, rukuni zai ginu, a yi shekaru ana aiki, domin bayanai ba ruwansu da ƙafar da suka bi. Amma ranar da katin ya ce a kunna fitilar faifan da ke layinsa na biyu, allon zai kunna gurbi na biyu, alhali faifan da ake nufi yana zaune a na uku. Kowane ɓangare ya yi aikinsa yadda aka tsara shi, fitilar kuma ta yi ƙarya. Akwai kuma wayoyin da ba su da layukan gefen sam, ko waɗanda aka manta ba a cusa ƙaramin kan nasu ba. A nan umarni zai tafi ba wani kuskure da zai bayyana, fitila kuma ba za ta taɓa kamawa ba. Wannan ya fi dama-dama, domin duhu ba ya sa mutum ya zare faifai.

Bit uku ba su isa su faɗi duk halin da faifai ke iya shiga ba. Akwai wanda ake sake ginawa, akwai na ko-ta-kwana, akwai wanda bai mutu ba amma alamu sun nuna yana kan hanya. Takardar SFF-8489, da aka fi sani da IBPI, ta zo ta daidaita yadda za a fassara bit ɗin zuwa salon ƙiftawa: sau huɗu a daƙiƙa na nufin ga gurbin da ake nema, haske a tsaye na nufin faifai ya lalace, sau ɗaya a daƙiƙa na nufin ana sake gini. Sai dai manyan kamfanoni suna da nasu harshen. A injinan PowerEdge na Dell, kore mai ƙiftawa sau biyu a daƙiƙa shi ne nuna wuri, ruwan goro mai ƙiftawa sau huɗu a daƙiƙa kuma shi ne faifai ya mutu. Ma'aikacin da ke kula da akwatunan kamfanoni uku dole ya haddace harsuna uku. HP kuwa shuɗi ta sa don nuna wuri, a injinanta na Gen8 a 2012 kuma ta ƙara wata farar fitila a kan maɓallin zare faifai, wadda ke kamawa idan cire wannan faifan zai kayar da rukuni. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai, domin asarar da ake tsoro daga zare rayayye take zuwa, ita kuma rayayyun take karewa. Da ma kowa ya ɗauke ta.

Hanya ta biyu, SES, ta fi zurfi nesa ba kusa ba. Kwamitin T10, mai kula da ƙa'idojin SCSI, harshen umarnin da faya-fayan SAS ke ji, shi ya fitar da ita a 1998, aka sabunta ta a 2008 da sunan SES-2. Tunaninta shi ne akwatin kansa ya zama na'ura mai amsa tambaya. A manyan akwatuna akwai guntun lantarkin da ke rarraba layin SAS zuwa faya-fayai masu yawa, a cikin manhajarsa ne galibi mai kula da akwatin yake zaune, sai ya bayyana ga kwamfuta a matsayin wata na'urar SCSI ta daban. Wanda ya buga lsscsi -g a Linux zai gan shi a jeri, an rubuta masa enclosu a maimakon disk. Umarninsa ta cikin layin bayanai yake bi, ba ya buƙatar wayoyin gefe, shi ya sa yake aiki har da akwatin waje da aka jona da doguwar waya.

Ana magana da shi da umarni biyu na SCSI, ɗaya na karɓo shafi, ɗaya na aika shafi. Shafi na 1 yana faɗin abin da akwatin ya ƙunsa: gurabe nawa, fanka nawa, na'urar ba da wuta nawa, ma'aunin zafi nawa. Shafi na 2 shi ne filin aiki. Idan ka karanta shi ya ba ka halin da kowane abu ke ciki, idan ka rubuta shi ya zama umarni. Kowane gurbi bayit huɗu gare shi a wannan shafi (bayit ɗaya bit takwas ne), a cikinsu akwai bit na neman a kunna fitilar nuna wuri, da na fitilar lalacewa, da na cewa kada a cire, har da wanda ke yanke wa gurbin wuta a akwatunan da ke iya hakan. Wannan na ƙarshen ya isa ya sa mutum ya yi hattara da rubuta shafin da hannu.

Ba a aika umarnin gurbi ɗaya shi kaɗai. Shafin ake aikawa dungurungum, a ɗaga bit na zaɓi a kan gurbin da ake nufi, akwatin ya yi watsi da sauran. Amma a gurbin da aka zaɓa duk bit ɗin da ke cikin bayit huɗun yana aiki, don haka dole manhaja ta fara karanto halin gurbin, ta canza bit ɗaya, ta mayar. Idan manhajoji biyu suka yi haka a lokaci guda, ta biyu za ta goge abin da ta farko ta rubuta ba tare da ta sani ba. Akwai lamba a kan shafin da akwatin ke dubawa don ƙin tsohon umarni, amma sai tsarin akwatin ya canza take canzawa, kunna fitila ba ya taɓa ta, saboda haka ba ta raba wannan faɗa. Wani abin lura kuma, shafin yana bambanta lalacewar da akwatin ya gano da kansa da wadda aka ce masa ya nuna. Bit biyu ne daban, amma fitila ɗaya suke kunnawa, wanda ke tsaye gaban akwati ba zai san wanne ba ne sai an karanta shafin. Idan aka sa sabon faifai fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa, nan ya kamata a fara dubawa. Sau da yawa faifan ba shi da laifi, manhajar da ta nemi a kunna ce ba ta dawo ta ce a kashe ba.

Kunna fitilar gurbi na 14 dai ba wani aiki ba ne. Sanin cewa faifan da manhaja ke kuka da shi a gurbi na 14 yake, nan gizo ke saƙar.

Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin Linux, tana kiran faifai da suna irin /dev/sdq, sunan da ake rabawa bisa wanda aka fara gani lokacin tashi, gobe yana iya zama na wani. Faifan yana da lambar masana'anta a rubuce a jikinsa, yana da lambar WWN, shaidarsa ta duniya da ba ta canzawa, yana da adireshin SAS. Katin yana ƙidaya layukansa tasa ƙidayar. SES yana da lambar jeri ga kowane abu a shafi na 2, yana kuma da lambar gurbi da ba lallai ta yi daidai da ta jerin ba. Sannan ga lambar da aka buga a jikin ƙarfen akwatin, wadda ita kaɗai ma'aikaci ke gani. Sai an ɗinke waɗannan sunaye duka kafin fitila ta yi ma'ana.

A shafi na 10 ake ɗinkin, inda akwatin ke faɗin adireshin SAS na abin da ke cikin kowane gurbi. Direban ses na Linux, wanda ya shiga kanel, wato zuciyar manhajar, tun fitowar 2.6.25 a 2008, yana karanta shafin, ya gwada adireshin da na faya-fayan da ya sani, ya buɗe wa kowane gurbi folda a ƙarƙashin /sys/class/enclosure. A cikinta akwai fayil mai suna locate da mai suna fault, ka rubuta 1 fitila ta kama, ka rubuta 0 ta mutu. Da kyau a ido, amma kuskuren gocewa da ɗaya yana laɓe a wurare biyu. A shafi na 2 kowane rukunin abubuwa yana farawa da bayit huɗu na taƙaitawa kafin gurbin farko, wanda ya rubuta tasa manhajar ya manta da su duk ƙidayarsa ta goce. Sannan wani kamfani yana buga lambobin jikin akwati daga 0, wani daga 1, manhajar cikin akwatin kuma tana iya bin ɗayar hanyar. Shi ya sa sg_ses, cikin kayan aikin sg3_utils na Douglas Gilbert, yake ba da hanyoyi daban-daban na nuna gurbi: ta lambar jeri, ta lambar gurbi, ta sunan da akwatin ya ba shi a shafi na 7, ko ta adireshin SAS. A ganina ta adireshin ta fi aminci, domin ba ta dogara da ƙidayar mutum ba, muddin faifan na raye.

Wannan sharaɗin kuwa shi ne babban giɓi. Kayan aiki da yawa suna karɓar sunan faifai su nemo gurbinsa: ledctl locate=/dev/sdq a Linux, sesutil locate da3 on a FreeBSD. Suna aiki sumul da faifan da ke ciwo amma yana amsawa. Faifan da ya mutu murus kuwa ya ɓace daga jerin na'urori, sunansa ya tafi, abin da ya haɗa shi da foldar gurbi ya tsinke. A daidai lokacin da aka fi buƙatar fitilar babu sunan da za a kira ta da shi. Mafita ɗaya ce, a riga an rubuta inda kowane faifai yake tun yana lafiya. OpenZFS, tsarin ajiyar fayiloli mai haɗa faya-fayai rukuni, yana yin haka: yana ajiye hanyar foldar gurbi cikin bayanan kowane faifai na rukuninsa, sai mai sa idonsa, ZED, ya bi ta ya kunna fitilar lalacewa idan faifan ya fita daga aiki. Katin RAID ma yana riƙe da tasa taswirar, shi ya sa umarninsa da lambar akwati da ta gurbi yake tafiya, kamar storcli /c0/e252/s3 start locate a katunan Broadcom. Wanda ba shi da taswira, ba shi kuma da manhajar da ta ajiye masa, sai dai ya bi ta baya: ya karanta shafukan akwatin ya nemi gurbin da ake cewa akwai abu a ciki amma babu faifan da ya dace da shi a jeri.

Sai tambayar wa ke da fitilar. A na'ura guda ana iya samun masu iko huɗu a kanta: manhajar cikin katin RAID, mai sa ido irin ZED ko ledmon da Intel ta ƙirƙira, 'yar kwamfutar kula da na'ura da ake kira BMC, da mutum mai buga umarni da hannu. Idan ba a canza masa ba, ledmon yana zagayawa duk daƙiƙa 10, ya duba halin rukunan mdadm, manhajar RAID ta Linux, ya daidaita fitilu da abin da ya gani. Takardar bayaninsa ta faɗa ƙarara cewa idan yana aiki, abin da aka sa da ledctl na iya ƙin tasiri, ban da fitilar nuna wuri. Ke nan mutum na iya kunna fitilar lalacewa da hannu, ya kira ma'aikaci, kafin ma'aikacin ya iso an kashe ta. Idan kuma kwamfutoci biyu ne ke raba akwati guda, kowace tana da hannu a kan fitilunsa. Ra'ayina a nan ba kwana-kwana: fitilar lalacewa ta zama ta mai riƙe da rukunin shi kaɗai, ko katin RAID ne, ko ZED, ko ledmon, ɗaya tak. Mutum kuma ya tsaya a kan fitilar nuna wuri, wadda dama don shi aka yi ta.

Zuwan NVMe, sabon nau'in faifai mai sauri, ya sake dagula lissafi. Faifan NVMe layukan PCIe, waɗanda ake jona katuna da su a cikin kwamfuta, ne ke haɗa shi da furosesa, galibi babu katin SAS a tsakani, don haka babu SES a hanya, babu SGPIO. Abin da PCIe ke da shi tun farko shi ne fitilu biyu ga gurbin da ake zare kati na'ura tana kunne, ta wuta da ta jan hankali, kowace da hali uku: kunne, kashe, ƙiftawa. Ba don faya-fayai aka yi su ba. Da Intel ta kawo VMD, fasaharta ta kula da faya-fayan NVMe, tare da furosesoshin Xeon Scalable a 2017, sai ta ari bit huɗun da ke sarrafa waɗannan fitilu ta ɗora musu ma'anonin IBPI. Yana aiki, amma a na'urorin Intel kaɗai, sauran kamfanoni kowa ya bi tasa hanyar, wasu ta BMC. Gyaran da aka yi tarayya a kai shi ne NPEM, da ke cikin ƙa'idar PCIe 4.0: rijista ta musamman mai bit daban ga kowane hali, nuna wuri, lalacewa, sake gini, hasashen lalacewa, ko-ta-kwana da sauransu. An ɗau shekaru kafin manhajoji su cim masa. Sai a fitowar 6.12, ƙarshen 2024, kanel ɗin Linux ya fara nuna waɗannan fitilu a ƙarƙashin /sys/class/leds. A ɓangaren allon baya akwai UBM, takardar SFF-TA-1005, da ke ba allo damar gaya wa kati yadda aka jera gurabensa da irin faifan da ke cikin kowanne. Amfaninta a nan shi ne taswirar daga allon take fitowa, ba zato ake yi ba kamar a SGPIO. Ta hanyar BMC kuma, ƙa'idar Redfish ta ƙungiyar DMTF tana ba faifai wani saiti, LocationIndicatorActive, da ake kunnawa daga nesa ko babbar manhaja ta tsaya cik, sai dai sunan da BMC ke kiran faifai da shi daban ne, dole a sake ɗinki ta lambar masana'anta.

Duk wannan ya sa ba na yarda da fitilar akwatin da ba a gwada ba. Ranar da aka kafa akwati, kafin a zuba masa bayanai, a bi guraben ɗaya bayan ɗaya. A kunna fitilar nuna wuri ta sunan faifai, wani ya tsaya gaban akwatin ya ga inda ta kama, ya zare faifan, a duba cewa wanda ya ɓace daga jeri shi ne wanda aka kira. Zarewar ce gwajin. Ganin fitila ta kama kawai bai tabbatar da komai ba, tunda a wayar da aka musanya ma tana kamawa. A akwati mai faifai 102 aikin zai ci sa'o'i, amma a ranar ce kaɗai zare faifai ba ya cutar da kowa. Abin da ya fito a rubuta shi, lambar masana'anta, WWN, akwati, gurbi da lambar jikin ƙarfe, a ajiye a wajen na'urar. Bayan sauyin waya, sauyin kati ko sabunta manhajar cikin akwati a sake dubawa, domin kowannensu na iya sauya ƙidaya. A lokacin an riga an zuba bayanai, ba a zarewa, sai a nemi shaida ta biyu daga fitilar kore: a sa faifan karatu ba tsayawa da dd, manhajar kwafe bayanai, a ga ko gurbin da korensa ya sauya hali shi ne wanda fitilar nuna wuri ta kama. Inda koren daga ƙafa ta 11 yake zuwa, shaidu biyu ne masu zaman kansu. Inda allon daga SGPIO yake ɗauko shi, shaida ɗaya ce ta yi magana sau biyu, kada a dogara da ita.

Ranar canjin kanta, wanda ke nesa ya kunna fitilar, ya kashe, ya sake kunnawa, ma'aikaci yana kan waya yana faɗin abin da yake gani, don a tabbatar wannan hasken na yanzu ne. Dalili shi ne fitilar nuna wuri galibi ba ta mutuwa da kanta. Wani ya kunna ta watanni da suka wuce ya manta, tana nan tana ƙiftawa a kan lafiyayyen faifai, ma'aikaci ya shigo an ce masa ya nemi mai ƙiftawa, ita ya fara gani. 'Yar manhajar da za ta riƙa jero duk fitilun nuna wuri da ke kunne kullum, a kashe waɗanda ba su da mai su, ba ta da wuyar rubutawa. Bayan zarewa kuma a gwada lambar jikin faifan da wadda aka aiko kafin a sa sabo.

Ya rage na'urorin da babu yadda za a yi a sarrafa fitilunsu, irin masu allon da ba shi da ƙwaƙwalwa ko waya marar layukan gefe. Dabarar da aka saba ita ce juya gwajin dd: tunda matacce ba ya karantuwa, a sa rayayyun duka karatu, gurbin da bai motsa ba shi ne. Tana aiki, amma tana ɗora nauyi a kan rukunin da dama ya raunana, kuma duk faifan da aka manta ba a sa a jerin karatun ba zai yi shiru kamar mataccen. Idan rukunin ba shi da sauran kariya, an kuma rasa taswira, gara a nemi lokacin kashe na'urar, a zare faya-fayan ɗaya bayan ɗaya tana kashe, a karanta lambobin jikinsu, a mayar da kowanne gurbinsa, a rubuta taswirar a zaman nan.